Kasetocin Agwagwa da Bututu

Auta ma'aikaciya ce a wani ƙaramin kamfani mai nuna finafinai ta intanet. Mutum ya sauke manhajarsu a wayarsa, ya biya kuɗin wata, ya kalli abin da ransa yake so. Finafinan suna zaune ne a cikin wasu manyan kwamfutoci da ake kira saba, a wani ɗaki mai sanyi kamar firji can ƙarshen barandar ofis, kuma Auta ce mai gadinsu. Ita ke kulle kowane fim yadda ba wanda zai iya kwafa, ita ta sa in ka yi ƙoƙarin ɗaukar allon wayarka sai ka ga baƙi ƙirin, ita ce kuma ke bin sawun duk wanda ya sami kafa ya saci fim ya kai wani wuri.

Wani sabon fim da suka daɗe suna tallarsa bai kwana biyu a manhajar ba sai ga shi a wani shafi, kyauta, kowa na kallo. Ɓarawon bai ma wahalar da kansa da makullan Auta ba. Kyamara ya kafa a gaban talabijin ya ɗauka daga farko har ƙarshe. Ana ganin inuwar fanka tana juyawa a kan fuskar jarumar, a wani wurin ma ana jin tarin mai ɗaukar.

Daraktar fim ɗin ta iso ofis da hantsi, ko zama ba ta yi ba. Mace ce da ta shafe shekaru tana fama kafin ta haɗa wannan fim, kuma a kan Auta ta sauke duk abin da ke cikinta. Ta ce an yi mata alkawarin kulle, ga shi an bar mata ƙofa a wangale, ta ce da ta sani da a bakin titi ta baza fim ɗin da hannunta, ko ba komai ta sami godiya. Manaja kuwa, maimakon ya tare wa ma'aikaciyarsa, sai ya bi bayan mai ƙarfi. A gaban kowa ya tambayi Auta wai me take yi a ɗakin sanyin nan, gadi ko barci.

Auta ta koma kujerarta ta cika ta batse. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta san daraktar tana da gaskiya. Ta ƙudura a ranta cewa wannan karon ba fim ɗaya za ta sa a cire ba, shafin gaba ɗaya za ta tumɓuke. Ta tattara hujjoji ta aika wa masu dandalin da shafin yake kai, suka yi shiru, ta sake aikawa, ta bi su da waya, ta zame musu ƙarfen ƙafa. Ta lura akwai tarin tsofaffin bidiyoyi masu dishi-dishi a can ƙasan shafin, amma ba ta tsaya buɗe ko ɗaya ba. A ganinta kayan gidan ɓarawo duk na sata ne. Kafin mako ya zagayo aka rufe shafin da duk abin da ke cikinsa. Manaja ya leƙo ya ce mata yanzu ta yi aiki, kamar ba shi ne ya ci mata mutunci ba.

Ranar hutu ta je gida gaishe da iyayenta. Tun daga ƙofa ta jiyo muryar Baba yana faɗa. Mama ta tare ta a tsakar gida ta yi mata raɗa cewa ta taka a hankali, tsohon kwanansa uku ko abinci sai an yi da gaske yake ci.

Baba tsohon ɗan wasan kwaikwayo ne. A zamaninsa babu gidan da ba a san Agwagwa ba, sunan da aka laƙaba masa saboda irin tafiyarsa. Shi da abokinsa Bututu suna fitowa a talabijin a matsayin masu gyaran keke biyu waɗanda ba a taɓa kawo musu keke ya koma da ƙafafunsa cikakku ba. Bututu ya rasu da daɗewa, Baba kuma gwiwa ta zaunar da shi, har ya kan ce tafiyar da yake yi da gangan a da, yanzu ita ce ta kama shi da gaske. Kamfanin su Auta ne ya sayi haƙƙin mallakar shirin daga gidan talabijin, ya sa abin da ya samu a manhaja. Abin da ya samu ɗin kuwa bai taka kara ya karya ba, don gidan talabijin ya daɗe da goge yawancin kasetocin ya naɗi labarai a kansu.

Ta same shi a kujerarsa, tabarau a karan hanci, yana dangwalar waya da yatsa kamar mai neman tsokanar ta faɗa. Bai bari ta gama gaisuwa ba ya miƙa mata wayar, ya ce ita da ta san kan waɗannan abubuwa ta duba masa. Akwai wani shafi da yake kallon kansa da Bututu kullum bayan ya karya, har da kashin da suka sayar wa ɗan sanda kekensa, da wanda Bututu ya maƙale a cikin taya, da na ƙarshen da suka yi tare kafin ciwo ya kwantar da shi. Yanzu in ya taɓa sai a ce masa an rufe. Ya shiga jero addu'o'i marasa daɗi a kan duk wanda ya yi wannan aiki, shi da wanda ya sa shi.

Auta ta dubi sunan shafin, nan take ta gane shi. Da ta so da ta yi shiru, amma ba ta iya ɓoye-ɓoye ba, kuma har lokacin akwai sauran zafin ofis a ƙirjinta.

"Baba, ni ce na sa aka rufe shi."

Ya cire tabarau ya dube ta.

Ta yi masa bayanin fim ɗin da aka sata, da daraktar da ta zo tana huci, da yadda aka tozarta ta a gaban abokan aiki. Ta ce shafin na ɓarawo ne, kuma shi da kansa ya sha faɗa mata yadda masu kwafar kaset suka cuce su a da.

"Ɓarawon ne ya ajiye min Bututu," in ji Baba. "Ku masu takarda me kuka ajiye? Kun sayi fuskata ba wanda ya sallame ni, kun kulle ta, in zan ga kaina sai na tuna wasu lambobi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗan abin da ya rage min kuma 'yar cikina ta bi ta share."

"Da ka faɗa min kana kallo a can..."

"Da ke kin duba kafin ki rushe. Ko mai rusau yana leƙa ɗaki ya ga ko da mutum a ciki."

Wannan maganar ta shige ta. Ta miƙe ta fita tsakar gida, ta tsaya a bakin famfo tana jin haushin Baba, da haushin kanta, da na wannan mai tari da ko fuskarsa ba ta sani ba. Mama ce ta biyo ta ta faɗa mata ko wane ne mai shafin. Ai kowa ya san shi, in ji ta, mai shagon hayar kaset ne na bayan tashar mota, wanda tun Auta na goye yake naɗar duk abin da aka nuna a talabijin.

Washegari da rana ta nufi can. Shagon yana tsakanin mai faci da mai sayar da katifa, allonsa ya koɗe har ba a iya karanta shi. A ciki kuwa kasetoci ne tun daga ƙasa har rufi, kowanne da rubutun biro a gefensa, ga warin tsohuwar roba da ƙura. A lungu ta hango talabijin, da kyamara a kan ƙafafunta tana fuskantarsa, fanka na juyawa a sama. Mai kaset ɗin dattijo ne siriri mai furfura a gemu, yana zaune ya buɗe cikin wata na'urar bidiyo yana goge ta da auduga. Ya yi tari, ta gane tarin.

Ta gaishe shi a daƙile ta faɗi ko ita wace ce. Da ya ji 'yar Agwagwa ce sai fuskarsa ta washe, ya jawo mata benci. Da ya ji inda take aiki da abin da ta yi, sai ya mayar da bencin inda yake.

Ba ta zo da niyyar faɗa ba, amma faɗan aka yi. Ya ce shekarun da ya yi yana loda waɗannan bidiyoyi ɗaya bayan ɗaya, da intanet mai tafiyar hawainiya, ta zo ta share su da yatsa ɗaya. Ya ce lokacin da gidan talabijin ke goge Bututu don a naɗi jawabin buɗe masai, shi ne ya hana kansa sakat yana naɗa, yana shanya kaset in damina ta jiƙa, yana korar gara. Ta ce duk ta ji, amma wa ya aike shi satar sabon fim? Ya ce tsofaffin ba mai kallonsu sai tsofaffi, sabon ne ke jawo jama'a, in jama'a sun shigo sai su yi tuntuɓe da na da. Ta ce wato sai ya yanka wata don ya ciyar da wani. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san komai ba. Ta ce ta san mace ɗaya da ya jefa a cikin bala'i, kuma ko sunanta bai tsaya karantawa ba.

Mai faci ya leƙo ya ga ko lafiya, suka yi masa banza su duka biyun.

Da ta nemi ya ba ta kwafin shirin Baba kawai, sai ya ce ta buɗe masa shafinsa tukuna. Ta ce ba ta da iko, kuma ko tana da shi ba za ta buɗe ba. Ya ce to ga hanya nan.

A hanyar komawa, bayan zuciyarta ta ɗan sauka, sai wata dabara ta zo mata, har ta ji daɗin kanta. Da safe ta shiga wurin Manaja ta zayyana masa komai: akwai dattijon da ke da kusan duk shirin da kamfani ya saya bai samu ba. A je a zauna da shi cikin mutunci, a sallame shi, a sa sunansa a matsayin wanda ya adana, a gyara hotunan a ɗora su a saba a kulle, shi kuma ya yi alkawarin barin sababbin finafinai. Kowa ya samu. Manaja ya saurara yana kaɗa biro, ya tambaye ta inda shagon yake, ta faɗa masa.

Sai da ya gama rubutawa sannan ya ce shi bai ga dalilin da zai sa a biya ɓarawo ladan ajiyar kayan da ya sata ba. Shirin na kamfani ne, saboda haka duk kaset ɗin da ke ɗauke da shi na kamfani ne. Zai tura lauya da hukuma su kwaso su, in ya so dattijon ya gode wa Allah da ba a haɗa da shi ba.

"Yallaɓai, ba don haka na faɗa maka ba."

"Na sani. Shi ya sa ni ne manaja."

Ta ce masa shi bai taɓa jin warin kaset ɗin nan ba, bai san a wane hali suke ba, in aka watsa su a bayan mota aka jibge a sito rabinsu ba za su sake magana ba. Ya ce ta koma ɗakin sanyinta ta huce. Ta fito ta ja ƙofar da ƙarfin da ya sa sakatariya ta ɗago kai.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Ta gudu daga gara ta faɗa gidan zago, kuma da bakinta ta nuna musu hanya. Ba ta da lambar dattijon, ko da tana da ita ma ta san ba zai saurare ta ba. Ta kira Mama ta faɗa mata abin da ake shiryawa, ta roƙe ta ta san yadda za ta yi da labarin. Mama ta ce to, ta kashe waya.

Da lauya da mutanensa suka isa shagon bayan 'yan kwanaki, sai suka tarar da katakan jera kaset wayam, sai fanka da dattijo yana shan shayi. Ya ce musu kaset ai an daina yayinsu, ya daɗe da zubarwa. Manaja ya dawo yana zargin kowa, ya fi tsayar da ido a kan Auta. Ita kuwa ta ce masa aikinta gadin saba ne, ba gadin bayan tasha ba.

A ƙarshen makon ta je gida. Ta tura ƙofar tsohon ɗakinta don ta ajiye jaka, ƙofar ta ƙi buɗuwa sai rabi. Kwalaye ne jibge har saman taga, a kan gadonta, a ƙarƙashinsa, har cikin kwabar kayanta. Warin shagon nan ya bugi hancinta. Mama ta ce da motar mai katifa aka yi ta jigilarsu, kuma ita dai an haɗa ta da aiki, don tun da suka iso take kashe kyankyasai.

Baba ya taho da sandarsa ya tsaya a bayanta.

"Ga su nan," ya ce. "Ki je ki faɗa wa manajan naki. In kamu zai yi, ya zo ya kama Agwagwa a kan ya ajiye Agwagwa."

Ta juyo a fusace. Ta ce ya san kuwa a inda ya jefa ta? In aka ji kayan nan a gidan ubanta suke, aikinta ya tafi, kuma ba wanda zai sake yarda ya ba ta gadin ko da akwatin ashana. Ya ce da ta tuna da haka kafin ta kai tsegumi. Ta ce gyara ta je yi. Ya ce ya ga gyaran, irin nasu ne shi da Bututu. Mama ta yi dariya ita kaɗai, ta ga ba wanda ya taya ta, ta koma kicin.

Auta ta jawo kwali ɗaya ta buɗe, don kawai ta sami abin yi da hannunta. Kaset na farko da ta ɗaga, ta hango farin fumfuna ya yi zane a jikin zaren ta cikin 'yar tagar kaset ɗin. Na biyu ma haka. Ta duba na uku da na huɗu. Nan wani sabon haushi ya taso mata, wanda ya fi na da. Ana ta rigima a kan wa ke da su, su kuwa suna nan suna ruɓewa. Wanda ya naɗa ba shi da kayan aikin ceto su, wanda ya saya bai damu ba, wanda ke ciki kuma faɗa kawai ya iya.

Ba ta faɗa wa Manaja ba. Ba ta kuma yafe wa kowa ba. Hutun da ya biyo baya ta dawo da kwamfutarta ta kanta da wata 'yar na'ura mai juya kaset zuwa fayil, ta share gefen tebur a falo. Na'urar bidiyo mai aiki kuwa mutum ɗaya ne yake da ita, kuma ya ce ba mai taɓa masa ita sai shi, don haka dole aka kira mai kaset. Ya zo da ita a rungume, ya gaishe da Baba da Mama, ya wuce Auta kamar bai ga mutum ba.

Kafin a fara ta kafa sharaɗi: abin da aka juya na Baba ne, a gidan nan zai zauna har ranar da kamfani zai yi hankali a zauna a yi magana, ba mai ɗora shi a ko'ina. Dattijon ya ce wa Baba ya faɗa wa 'yarsa ya ji. Ta ce kuma ya bar satar sababbin finafinai. Ya ce wa Baba ya faɗa mata wannan bai ji ba.

Haka suka ci gaba duk ranar hutu. Shi ya goge zaren a hankali ya saka, ita ta naɗa ta daidaita sauti, Baba na kujera yana gyara musu labarin kowane kashi tun kafin ya fara. Wasu kasetocin sun fito tas. Wasu rabi, sai hoto ya rikiɗe ya zama ruwan toka. Wanda Bututu ya maƙale a taya ya tsinke a tsakiya, dattijon ya liƙa shi da salatif yana tsaki, aka rasa daidai wurin da ake zaro shi. Kashin ƙarshe kuwa ya fito lafiya. Bututu ya rame a cikinsa, wandon ya yi masa yawa, amma yana buɗe baki Baba ya fashe da dariya, daga baya ya juya fuska bango ya ce fankar nan tana sa masa hawaye.

Ana cikin haka wani fim na kamfani ya sake ɓulla a wani sabon shafi mai sabon suna. Auta ta buɗe ta kalli minti kaɗan. An kashe fanka wannan karon, amma tarin yana nan. Ta dafe kai ta yi ta zagi a cikin ranta. Sannan ta bi shafin bidiyo bayan bidiyo, ta tabbatar ba wani tsohon abu a ciki, ta aika aka rufe shi.

Ranar hutu dattijon ya riga ta isowa, yana zaune ya buɗe na'urarsa. Ta ajiye jaka ta kunna kwamfuta.

"Kawu, na rufe maka sabon shafin."

"Na gani."

"In ka buɗe wani ma zan rufe."

"Wannan kuma aikinki ne." Ya hura cikin na'urar, ya miƙa hannu ba tare da ya dube ta ba. "Miƙo min na saman kwalin can. A hankali, ba na kamfaninku ba ne."

Ta ciji leɓe ta miƙa masa. Daga kicin Mama ta ɗaga murya ta ce ita dai a faɗa mata ranar da za a kwashe mata kwalayen nan, don tana da baƙi a wata mai zuwa kuma ba ta san inda za ta kwantar da su ba. Baba ya ce baƙin su kwana a falo. Aka danna kaset, Agwagwa ya fito yana rantse wa wani mutum cewa kekensa da taya ɗaya ya kawo shi.